Ƙanena zai auri 'yar Indiya kuma ba mu da kuɗin bikin fim: ta ina za mu fara?

Tambaya: Ƙanena ya yi karatun haɗa magunguna a Haidarabad, ya daidaita da wata 'yar ajinsu, Musulma ce, iyayenta sun amince, kuma a can za a ɗaura aure. Mahaifinmu ya rasu, ni ce babba a ɗakinmu. Mu ba masu hali ba ne, abin da muka sani na bikin Indiya kuwa shi ne wanda muke gani a fim. Yaya za mu yi mu fita kunya ba tare da mun ci bashi ba?

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri, ya jiƙan mahaifinku. Na daɗe zaune a Haidarabad, karatu ne ya kai ni, aiki ya riƙe ni, kuma ba sau ɗaya ba na tsaya a matsayin yaya ko uwa a auren yaranmu da 'ya'yan mutanen garin. Don haka abin da zan faɗa miki na gani ne da idona.

Ki fara sauke nauyin fim daga zuciyarki. Bikin da ake nunawa, da doki da daruruwan masu rawa da kwana biyar ana shagali, yawanci na attajiran arewacin Indiya ne mabiya addinin Hindu. Musulmin tsohon garin Haidarabad, wanda yake da shago ko yake koyarwa a makaranta, abin da yake yi shi ne a ɗaura aure a masallaci ko a ɗakin taro, dangin amarya su ciyar da mutane a daren, dangin ango su yi walima bayan kwana ɗaya ko biyu. Su ma suna kuka da tsadar biki kamar yadda muke yi, har ma sun fi mu. Hukumar malaman da ke kula da dokokin iyali na Musulmin Indiya ta yi gangami a 2021 tana kiran a koma ɗaurin aure mai sauƙi a masallaci. Idan kun ce sauƙi kuke so, ba baƙon abu kuka kawo ba.

Inda kuɗi yake zurarewa a irin wannan aure wuri ɗaya ne: kunya. Ku kuna jin kunyar a ce dangin ango sun gaza, sai ku yi duk al'adarku. Su suna jin kunyar a ce sun wulaƙanta baƙi, sai su yi duk tasu. A ƙarshe an yi biki biyu a cikin ɗaya, kowa ya ci bashi, alhali da an zauna an yi magana da an gane cewa rabin abubuwan iri ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Zama ɗaya na gaskiya tsakanin manyanku da manyansu, ko da ta waya ne mai hoto, ya fi duk wata dabarar ragi da zan koya miki.

Ga dalilin da ya sa zaman nan ya zama dole. A wajenmu namiji ne mai ɗawainiyar farko: na gani ina so, gaisuwar iyaye, kayan sa rana, lefe, sadaki. Iyayen mace su yi kayan ɗaki da gara. A can kuwa nauyin ya karkata kan uban yarinya. Shi zai kama wurin taro, shi zai ciyar, shi zai haɗa abin da suke kira jahez, wato gado da firji da tukwane, wani lokaci har babur ko mota. A Haidarabad akwai ma tsabar kuɗi da ake bai wa ango, suna ce masa jode ki rakam, kuɗin suturar ango ke nan a suna, amma a zahiri farashi ne da dangin namiji suke yankawa. Ki sani, mai yiwuwa surukin ƙanenki yana kwana yana tashi da fargabar ranar da za ku faɗi naku farashin.

Na taɓa zama tafinta a irin wannan zama. Uban yarinyar dattijo ne mai gyaran agogo, ya zo da ɗan littafi a aljihun gaba da biro, ya buɗe ya ɗora a gwiwa, ya ce in tambayi baffan ango me yaro yake bukata. Baffan ya ɗauka maganar abinci ake yi, ya ce yaron ba ya da zaɓe, duk abin da aka ba shi yana ci. Sai da na yi masa bayani cewa babur ake nufi da firji da kuɗi. Baffan ya yi salati, ya ce ki gaya masa mu a garinmu abin kunya ne namiji ya karɓi kuɗi don zai auri mace, mu ne za mu kawo. Da na fassara, dattijon ya rufe littafin, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin rigarsa bai ce komai ba. Matarsa da ke bayan labule ita ce ta fara kuka. Daga wannan rana duk abin da muka nema na sauƙi, kafin mu rufe baki sun yarda.

Don haka kalmar farko da za ta fito daga bakin waliyyinku ita ce: ba ma karɓar jahez, ba ma karɓar kuɗin sutura. A faɗe ta da wuri, a gaban manya, ba ta bakin yaran ba. Doka ma tana bayanku. Tun 1961 Indiya ta haramta bayarwa da karɓar irin wannan dukiya, hukuncinta ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko nemanta da baki laifi ne mai zaman kansa. Ana karya dokar kullum, amma baƙo shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya sa kansa a ciki.

Sai dai ki yi hattara da zuciyar uwar amarya. Kamar yadda iyayenmu mata suke tara kwalla da samira tun yarinya tana goye, haka ita ma ta tara tukwanen tagulla da zannuwa shekara da shekaru. In kuka ce ba kwa son komai ɗungurungum, za ta ji kamar an ce kayanta ba su isa ba. Abin da za a ce shi ne, duk abin da uwa ta yi wa 'yarta na 'yarta ne, a rubuta shi da sunanta, ango da amarya su sa hannu, kuma dama dokar ƙasar ta tanadi a rubuta jerin kyaututtukan aure. A roƙe ta kada ta sayi gado ko kujeru ko wani abu mai nauyi, tunda in amarya za ta tare a Najeriya kuɗin dakonsu ya fi kuɗinsu. Wannan hujja ce da babu wanda zai ji ciwonta.

Lefe yana da ɗan'uwa a can, suna ce masa bari: tufafi da 'yan kunne da kayan kwalliya da dangin ango suke kai wa amarya. Saboda haka ba za su yi mamakin ganinsa ba, amma babu wanda yake jiran akwati goma sha biyu. Akwati ɗaya mai kyau ya wadatar, biyu in an yi yawa. Ki sa atamfa uku ko huɗu, leshi ɗaya, mayafai, sai abin da yake tafiya da hankalinsu, wato turaren wuta da humra. Sauran ku saya a can tare da amaryar, ta zaɓi abin da za ta sa da gaske. Na ga lefen da aka biya wa kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi, atamfofin suka shekara a ninke domin yarinyar ba ta san yadda ake ɗaura zani ba. Ragowar lefen, in kuna so, ku haɗa shi a gida ya jira ta, tela ya gwada ta in ta iso. Gwal kuma ku saya a can, kaɗan, mai hatimin gwamnati, wanda ya zama tilas tun 2021. Farashin gwal ɗin kansa ba a rage shi a ciniki, amma kuɗin ƙira ana tayawa, kuma ƙira mai sauƙi ta fi araha nesa ba kusa ba.

Sadaki yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne na ga an fi samun saɓanin fahimta. Mu Malikawa ne, mafi ƙarancinsa a wajenmu rubu'in dinari, kuma mun saba jin an ce lakadan ba ajalan ba, a ƙirga a miƙa a wurin. Yawancin Musulmin Haidarabad Hanafawa ne, mafi ƙaranci a wajensu dirhami 10. Al'adar da ta yaɗu a can ita ce a rubuta adadi babba a takarda, a ce ajalan ne, sau da yawa ba a biya sai an rabu ko mutuwa ta zo. Idan baffanku ya ji an ambaci adadi mai yawa zai firgita, idan su kuma suka ji kun ambaci ƙaramin adadi za su ɗauka an raina 'yarsu. Shawarata ita ce ku nemi a yi abin da suke kira mahar Fatimi, dirhami 500, wanda malamansu suke ƙiyastawa da azurfa kimanin kilo ɗaya da rabi a farashin ranar. Adadi ne mai daraja a idonsu, babu mai kushe shi. In ya yi muku nauyi, ku yanka wanda za ku iya, ku biya lakadan a gaban shaidu. Kada ƙanenki ya sa hannu a kan ajalan da ba zai iya biya ba don kawai an ce masa rubutu ne. Bashi ne a wuyansa a wajen Allah, kuma kotun Indiya tana karɓo shi.

Yanzu takardu, kuma ina roƙonki ki sa su gaba da maganar abinci da sutura. Kada a biya kuɗin kama wuri kafin takardu su kammala.

A jihar Telangana, inda Haidarabad take, masu ɗaurin auren Musulmi limamai ne da gwamnati ta naɗa, ana ce musu ƙazi, kowa da unguwannin da ke ƙarƙashinsa. Shi yake cike takardar aure, daga nan hukumar waƙafi ta jihar ta ba da shaidar aure bisa rubutunsa. Bayan haka a yi rajista a ofishin gwamnati. Kotun ƙolin Indiya ta ba da umarnin a riƙa yin rajistar kowane aure tun 2006, kuma wannan takarda ce ofishin biza zai nema gobe. Ku sa rai za a tsananta bincike saboda ango baƙo ne, kuma kada ku ɗauke shi a matsayin ƙiyayya. Garin yana da tabon da bai warke ba: an sha samun tsofaffin attajirai daga ƙasashen waje suna zuwa su auri ƙananan 'yan matan talakawa na 'yan makonni su gudu, har a 2017 'yan sanda suka kama wasu baƙi tare da wasu limaman da suka ɗaura musu. Tun daga nan kowane ƙazi yana taka tsantsan. Abin da ƙanenki zai tanada shi ne fasfo da biza mai rai, shaidar rajistarsa a ofishin kula da baƙi, shaidar inda yake zaune, da takardar rantsuwa cewa ba shi da aure, wadda aka buga wa hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sai kuma wasiƙa daga ofishin jakadancin Najeriya a Delhi. Shi da surukinsa su je wurin ƙazin unguwar da ƙafarsu wata uku kafin rana, su ji abin da yake nema daga bakinsa. Idan bizar karatunsa ta kusa ƙarewa, wannan ita ce matsalar da za a fara warwarewa kafin komai. Shekarun aure a doka 21 ne ga namiji, 18 ga mace.

Za ki ji wasu suna cewa a yi auren kotu kawai a huta. Suna nufin dokar aure ta musamman ta 1954, wadda ba ta duba addini. A ƙarƙashinta sai ɗayansu ya zauna a gundumar kwana 30, a ba da sanarwa a manna ta a allo na wasu kwana 30 ko wani zai kawo ƙorafi, sannan a ɗaura da shaidu uku. Ita ce hanyar waɗanda addininsu ya bambanta. Amma ga Musulmi biyu akwai abin da ba a cika faɗa ba: duk wanda ya yi aure ko rajista a ƙarƙashinta, rabon gadonsa a Indiya ya fita daga shari'ar Musulunci ya koma dokar gado ta 1925. Kada su shiga da ido rufe. Awa ɗaya a ofishin lauya tana daga cikin kuɗin da ba na so ku yi tsimi a kansu.

Ranar biki kuwa ita kaɗai tana iya rage muku kaso mai tsoka. Kakar aure a Indiya daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, a nan komai yake tashi: ɗakin taro, mai girki, mai hoto, har kuɗin jirgi. Bayan ƙaramar salla ma Musulmi suna cunkoso. Afrilu da Mayu zafi ne mai tsanani. Damina tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma mabiya Hindu da yawa ba sa aure daga wajajen Yuli zuwa farkon Nuwamba, saboda haka masu wuraren taro suna zaune ne suna jiran ciniki. Ku duba wannan tsakani, ku kauce wa Muharram domin iyalai da yawa ba sa biki a cikinsa, ku zaɓi tsakiyar mako. Ku kuma nemi walimar rana. Bikin dare a Haidarabad yana kaiwa tsakar dare ana jiran ango, ga kuɗin fitilu, ga dokar da ta hana lasifika daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Ga abin da nake nufi da cewa suna ne ya bambanta. Suna da manja, ranar da ake shafa wa amarya kurkum ta zauna a ɗaka, wannan shi ne dilka da shiga lallenmu. Suna da sanchak, ranar da matan dangin ango suke kai kaya, kai lefe ke nan. Suna da mehendi, shi ne ƙunshi. Masu kuɗi suna ware wa kowanne rana da ɗakin taro. Ku roƙi a haɗa su a yini ɗaya, a gidan amarya ko a saman soron maƙwabta, mata zalla, shayi da ɗan abin taɓawa. A cikin wannan yini ke kuma ki yi kamu, ki fesa wa amarya turare da hannunki, ki bayyana musu ma'anarsa. Ba ya cin ko sisi, kuma na ga tsofaffin matan da suka riƙa ba da labarinsa bayan shekaru. In kin iya jan lallenmu na salatif, ki yi wa ƙannen amarya, za su yi layi. Abu ɗaya nake gargaɗi a kai: baƙin lallen nan mai kamawa cikin minti kaɗan ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, yana ƙona fata. Amarya ta gwada kowane lalle a ɗan wuri kwana biyu kafin rana.

A wurin ɗaurin aure za ki ga wani abu da ba mu saba ba. Kafin a ɗaura, wakili da shaidu biyu za su shiga wajen mata su tambayi amarya da kanta ko ta yarda, ta amsa, ta sa hannu. Bayan an shafa fatiha sai a raba busasshen dabino, kamar yadda muke raba goro da alawa. Daga baya akwai arsi mus'haf, a zaunar da ango da amarya a lulluɓe su, a sa madubi da Alƙur'ani a tsakaninsu, su ga fuskar juna ta cikin madubin. Buɗar kai ke nan. Ƙannen amarya kuma za su ɓoye takalmin ango su ce sai an fanshe shi. Sayen baki ne, sai dai ciniki yana iya zafi, don haka a yanka adadin tun da wuri da babbar yayarta, a sa a ambulan. In za ki ba da kuɗin kyauta ga kowa, ki ɗora rufi ɗaya na kuɗin Indiya a kai, 501 ko 1001, haka suke yi. Akwai kuma jumagi, liyafar da dangi suke yi wa ma'aurata a ranakun Juma'a na farko bayan aure. Wannan su ke yi, naku zuwa ne da ɗan kayan zaƙi a hannu.

Walima ita ce taku, kuma a nan ne za ki riƙe alƙalami da kanki. Hanya biyu ce: ko a yi kwangila da masu abinci a biya bisa kowane faranti, ko a ɗauko mai girki, wanda suke kira bawarci, a saya masa kaya ya dafa a manyan tukwane. Ta biyu ta fi araha sosai, amma tana bukatar mutum ɗan gari mai amana da zai tsaya a kan nama da shinkafa. Kawun amarya ne ya dace da wannan aiki, kuma neman taimakonsa girmamawa ce a gare shi. Kada a ruɗe ku da jerin abinci kala ashirin. Biriyani mai kyau, miyar barkono da gyaɗa da riɗi da suke ci da shi, kindirmo da aka haɗa da albasa, sai abin zaƙi guda, ko dabal ka mita da ake yi da burodi da madara ko kubani ka mita da ake yi da busassun 'ya'yan itacen afirkot. Mutumin Haidarabad da biriyani yake auna biki. In ya yi daɗi an gama magana, in bai yi ba kala ashirin ɗin ba za su cece ku ba. Naman rago ya fi tsada, kaji sun fi sauƙi. Ku guji naman shanu idan akwai abokan karatu ko maƙwabta mabiya Hindu, ku kuma ware musu tebur na abincin da babu nama, da cokulansa daban. Wajen ƙirga baƙi, ki tuna kati ɗaya gida guda yake ɗaukowa, har da yara da kaka. Yawan katin da aka raba shi ne ainihin kasafin kuɗinku.

Ina so ki kai abincinmu teburin nan, kala ɗaya tak, kuma waina nake ba ki shawara. Mutanen Telangana suna da wani abinci da suke kira fonganalu, ƙullun shinkafa ne da ya kwana ya tashi, ana soya shi a kasko mai ramuka, tandarmu sak. Za ki same ta a kowace kasuwa. Kabewa da alayyahu da gyaɗa duk suna nan, miyar taushe ba za ta gagare ki ba. Yakuwa ma suna ci sosai, gongura suke ce mata, zogale kuwa a bayan gidaje yake. Ranar da na fara yi wa surukan wata ƙawata waina, tsohuwar gidan ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta gutsura, ta dube ni ta ce ashe ku ma mutane ne irinmu. Kada ki ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida, ana iya ƙwace kayan nama a filin jirgi.

Sutura ba ta da wahala. Ango ya yi hayar sharwani, doguwar rigarsu mai maɓallai, don ɗaurin aure, ya sa babbar riga da hula a walima. Amaryar Haidarabad tana sa kara dufatta, wani dogon mayafi mai aiki da ake naɗawa a kan riga da wando, kuma a gidaje da yawa na gado ne daga uwa ko kaka. In suna da shi, ku nuna kuna sha'awar ta sa shi. Awarwaro da ƙananan kaya a Lad Bazar ake saye, kasuwar da ke kusa da Carminar, tsohon gini mai hasumiya huɗu, ki tafi da 'yar gari ta yi miki ciniki. Ku bar maganar anko. Ku sa atamfarku da lesukanku da kuke da su, za ku fi kowa fita.

Babban kuɗin da zai fita daga aljihunku kujerar jirgi ce. Mutum uku sun isa, huɗu in an samu hali: waliyyi, mahaifiyarku in lafiyarta za ta ɗauka, ke, sai wata gwaggo ko inna. Kowane mutum ɗaya da aka ƙara yana iya cinye kuɗin walimar rabin baƙi. Ku nemi biza da wuri da wasiƙar gayyata daga surukai, ku duba hanyar Adis Ababa da ta Doha ku gwada farashi. Katin rigakafin shawara dole ne, kuma sai ya kwana 10 da yi kafin ya fara aiki, wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. Wajen masauki, doka ta ce duk wanda ya sauki baƙo ɗan ƙasar waje sai ya sanar da hukuma cikin awa 24, shi ya sa ƙananan otal da yawa ba sa karɓar baƙi. A tambaya kafin a biya. Hayar gida mai ɗaki biyu da kicin na mako biyu ta fi otal sauƙi, kuma Hajiya za ta samu tuwonta, domin yajin abincinsu ba kowane ciki ne yake ɗauka ba. Waɗanda suka rage a gida a haɗa su ta waya. Indiya tana gaban Najeriya da awa huɗu da rabi, in an ɗaura da ƙarfe 5 na yamma a can, 12 da rabi ne na rana a Kano. Idan amarya ta iso, walima ɗaya a gida ta wadatar. Dangi za su matsa a sake kamu da dina da yini, ke ce za ki tsaya ki ce an riga an yi.

Akwai maganar da ba zan ɓoye miki ba. Son farar fata yana da ƙarfi a Indiya, kuma a cikin taro ba za a rasa wadda za ta yi gunaguni a kan launin ango ba. Iyayen da suka ba shi 'yarsu sun riga sun tsallake wannan, sun kuma sha magana a kansa kafin ku zo, don haka ku riƙe su da daraja. Ki kuma sani baƙar fata ba baƙo ba ne a garin. Akwai Siddi, jikokin 'yan Afirka da suka yi aikin dakarun doki a fadar Nizam, sarkin Haidarabad, har yau unguwarsu tana nan da sunan rundunar. Su ne suka shahara da kiɗan marfa, ganguna da ake bugawa da sanduna, wanda asalinsa daga Hadramaut ta Yaman ne, kuma bikin Musulmin garin ba ya cika sai da shi. In za ku kashe kuɗi a kan kiɗa, ku ɗauko su na awa ɗaya su raka ango. Sun fi mai kayan sauti araha, kuma da suka fara za ki ji kamar a ƙofar fada kike ranar hawan salla.

Abu ɗaya na bayan biki da ya kamata su sani tun yanzu: Indiya ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba. Tsarin mulkin Najeriya ya ba matar ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa, amma ranar da ta karɓi fasfonmu ta rasa nata. Kada kowa ya gaggauta ta, akwai takardar zama da ake ba matan aure. Shi kuma ƙanenki, bayan aurensu mai rajista ya cika shekara 2, yana iya neman katin da ke ba shi damar shiga da zama a Indiya ba tare da neman biza kowane lokaci ba.

Sai rukusati, ranar da amarya take barin gida. Ana riƙe Alƙur'ani a saman kanta tana fita, a wasu gidaje uwa da uba su kama hannunta su sa a hannun babbar mace ta dangin ango. In Hajiya ba ta samu zuwa ba, hannunki ne za a nema. Ki tuna matar nan ba unguwa ta gaba za a kai 'yarta ba, ƙasar da ba ta taɓa gani ba ce, kuma abin da ta sani game da ita a labarai ta ji. Ki koyi jimla biyu da Urdu tun daga gida, ki maimaita su har su zauna a bakinki. Ye meri bahan hai, wannan ƙanwata ce. Af fikar mat karo, kada ki damu. Ki faɗe su kina riƙe da hannayensu su biyun, sannan kafin mota ta tashi ki sa lambar wayarki da ta Hajiya a wayar uwar, ki gaya mata ranar da za ta riƙa jin muryar 'yarta kowane mako.